Robar Dala 27

Matata ce ta fara gani. Wata Talata ce cikin Oktoban 2016, na sauko da sassafe in matsar da mota zuwa ɗaya gefen titi, ita kuma ta fito raka ƙaramar 'yarmu makaranta. Ga wanda bai taɓa zama a New York ba, haka dokar take: kowane gefen titi yana da ranakun da motar shara ke bi, in ka bar motarka a wurin a wannan sa'a, ka dawo ka tarar da takardar tara a gilashi. Na ja motar gaba kenan sai na hango ta ta madubi, ta tsaya tana kallon ƙasa. Da na fito ta ce, "Malam, motar nan taka fitsarin kwance take yi ne?"

Na je na duba. Baƙin mai ne, faɗin tafin hannu, ɗanye shar. Na ce mata ai na motar da ta kwana a wurin shekaranjiya ne. Ta kalle ni, ta ja hannun yarinya suka wuce. Ni da ita duk mun san ƙarya nake yi.

Motar Lincoln Town Car ce ƙirar 2007, baƙa, irin wadda a shekarun nan in ka tsaya a kowace mahaɗa a Bronx za ka ƙirga goma kafin fitila ta canza. Da ita nake haya, ofishinmu na kiran mu ta rediyo mu je mu ɗauki fasinja. Tun 2011 aka daina ƙera irinta, amma direbobi ba su daina son ta ba, don mota ce mai haƙuri: inji V8 mai lita 4.6, tana ja da tayoyin baya, ramukan titi ba sa damunta. Na saye ta hannu na uku, kuma a ranar da nake ba ku labari ta haura mil 310,000. Saboda haka ba na ganin laifinta. Jaki ma in ya yi wannan tafiya ai zai ɗingisa.

Da farko kwalba ɗaya nake ƙara mata duk bayan kwana biyar. Kwalbar nan ta nan ba ta cika lita ba, kuma cikin motar shida yake ɗauka. Kafin mako biyu ya koma duk kwana biyu. Na sayi wani ruwa da ake sayarwa wai yana toshe yoyo, na zuba, ban ga komai ba sai raguwar dala goma sha biyu a aljihuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wari. Man yana ɗiga iska ta kwashe shi ya sauka a kan bututun salansa mai zafi, in na tsaya a cunkoson Cross Bronx sai hayaƙi siriri ya riƙa tasowa ta ƙasa. Wata tsohuwa da nake kai wa asibitin wankin ƙoda sau uku a mako ta ce mini, cikin ladabi, gobe a turo mata wani direban. Ga kuma ranar kai mota bincike wurin hukumar TLC a Woodside tana matsowa.

Na kai ta gareji uku a Jerome Avenue. Duk bakinsu ɗaya: sil ɗin bayan karanshaf ne. Na farko ya ce dala 1,150, na biyu 950, na uku 900 amma sai na bar masa motar kwana uku. Na tambayi na biyun nawa ne kuɗin ita kanta robar. Ya daddanna kwamfuta ya juyo mini da fuskarta. Dala 27.

Ba cuta ba ce, kuma wannan na sani tun kafin in tambaya. Amma bari in yi wa wanda bai sani ba bayani, don mutane da yawa a cikinmu in an faɗa musu irin wannan kuɗi sai su ɗauka don an ga baƙo ne. Karanshaf shi ne ƙarfen da fistin ke juyawa a can ƙasan inji, yana wanka cikin mai. Dole ƙarshensa na baya ya leƙo waje don ya miƙa wa giya ƙarfi. To ta wannan ƙofa da ya fito, me zai hana mai biyo shi? Wani zobe ne na roba, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi babba ba, yana da leɓe siriri da ke rungume da ƙarfen, da ɗan sifirin a bayan leɓen yana matse shi. Ƙarfen yana juyi sau dubu biyu a minti ɗaya kana bisa babbar hanya, leɓen yana tsaye yana shan zafi, shekara da shekaru. A hankali robar ta bushe ta yi tauri, ta daina rungumar. Cire tsohon da sa sabon bai fi aikin minti ashirin ba. Amma yana zaune ne a tsakanin inji da giyabos, babu hannun da ke kai wa gare shi sai an sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Wannan saukewa da mayarwa ake biya.

Ina da kuɗin. Matsalar kenan, ina da su, amma ba nawa ba ne. Autarmu za a aurar a Disamba, mahaifinmu ya rasu tun tana firamare, kuma ni ne babba. Kayan ɗaki a wuyana suke, ba wanda ya taɓa furtawa, kowa dai ya sani. Tun bayan azumi nake tarawa, na kai dala 1,400. A shekarar nan kuwa kun tuna yadda Najeriya take: tattalin arziki ya karye, dala ta haura naira 400 a Wapa, kafinta in ya faɗa maka kuɗin gado yau, mako mai zuwa ya ce ba haka ba. Dala 950 ɗin nan kusan naira 400,000 ce. Gado da katifa da kujeru kenan, a ba wa wata roba.

A daren na kira Hajiya, da niyyar in fara share fage. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ƙanwarka ta je ta ga gadon, ta ce mai ruwan ƙasar nan take so. Na ce ta bari sai Yayanta ya yi magana." Na ce mata mai ruwan ƙasar za a saya. Na ajiye waya na zauna a kicin ina kallon hannuwana.

Yawancin waɗanda suka san ni a nan ba su san cewa na yi shekara shida ina yaron gareji a Kano ba. Daga gama firamare aka kai ni wurin wani maigida a bakin hanyar Katsina, gindin wata darbejiya, rami ɗaya, benci ɗaya, yara bakwai. Peugeot 504 ce abincinmu, wadda ake haɗawa a Kaduna, sai tsofaffin Datsun da bas-bas na haya. Giyabos ɗin 504 mu biyu muke sauke shi a ƙirji, ɗaya ya rungume, ɗaya ya zare. In wani abu ya ɓace a aike ka Ƙofar Ruwa a keke, ka dawo da wanda bai dace ba ka sha mari ka koma. Na bar sana'ar na shiga kasuwa, daga can Allah ya kawo ni nan a 2001. Shekara goma sha biyar ban kwanta a ƙarƙashin mota ba. Na riƙa gaya wa kaina na wuce wurin. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji a ga baƙin mai a farcena ranar Juma'a.

Washegari bayan sallar isha'i na samu Alhaji a masallaci. Dattijo ne mutumin zangon Kumasi, ya yi makanikanci a Ghana da Libiya kafin ya zo Amurka, yanzu gwiwa ta hana shi aiki. Hausarsa irin ta zango ce, komai namiji, mota ma "shi" ce a bakinsa. Na gaya masa. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ɗan Kano, ka tabbata shi ne? Ko an gaya maka ne?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ina roƙon duk wanda wannan abu ya sama ya yi wa kansa ita. Mai ƙasa yake bi, iska kuma baya take tura shi. Duk inda ya fito a jikin inji, ƙarshenta a can baya zai taru ya ɗiga, daidai inda na sil yake ɗiga. Gaskit ɗin murfin sama zai iya yoyo ya gangaro ta bayan inji. Na tukunyar mai ma haka. In kuma ruwan ja ne, to ba na inji ba ne, man giya ne, wani ciwon daban. An sha sauke wa mutane giyabos a banza, a mayar, yoyo na nan. Alhaji ya sa na wanke injin tas, muka zuba wani rini a cikin man wanda ke haske in an haska shi da wata tocila mai shuɗin haske, na yi aikin yini ɗaya. Da dare muka duba. Sama a bushe. Gefe a bushe. Daga cikin bakin giyabos, inda ya haɗu da inji, wani layi kore yana walƙiya kamar majina. Alhaji ya miƙe yana dafa gwiwa ya ce, "To, shi ne."

Saura wuri. A Kano wuri ba abin tambaya ba ne, duk inda inuwa take gareji ne. A nan doka ta hana gyaran mota a bakin titi sai na larurar da ta same ka a hanya, kuma ko babu doka, ba mai hankalin da zai kwanta a ƙarƙashin Town Car bisa jak a gefen titin Bronx cikin sanyin ƙarshen Oktoba. Alhaji ya san wani mutumin Dominika mai ƙaramin gareji a wani lungu da ke fita daga Jerome, ƙarƙashin gadar jirgi mai lamba 4. Ba ya buɗewa ranar Lahadi. Ya yarda ya ba mu na'urar ɗaga mota da jak ɗin giyabos da kayan aiki a kan dala 120, da sharaɗin ƙarfe takwas na safiyar Litinin ya tarar da wurinsa babu kowa. Ba ya jin Turanci sosai, kowa "primo" yake ce masa, wai ɗan'uwa. A lokacin titin nan cike yake da irin waɗannan garejoji, ƙofa na bin ƙofa, masu taya, masu gilashi, masu salansa. A Maris na 2018 majalisar birni ta amince a sauya tsarin unguwar don a gina dogayen gidaje, kamar yadda aka riga aka yi wa masu gyaran mota na Willets Point a Queens. Wanda ya bi Jerome yau zai ga bambanci.

Ranar Lahadi bayan asuba muka tafi mu uku. Na ukun ɗana ne na fari, shekararsa goma sha huɗu a lokacin, haifaffen asibitin Bronx, Kano sau ɗaya ya taɓa gani. Ni ban gayyace shi ba. Uwarsa ce ta ce ya bi ni ko ya riƙe tocila, maimakon ya wuni a kan waya. Ashe ya kwana biyu yana kallon yadda ake aikin a YouTube.

Muka cire kan batir, muka ɗaga mota. Na tsaya a ƙarƙashinta a tsaye, ba a kwance ba, karo na farko a rayuwata, na ce a raina da maigidanmu ya ga wannan da ya ce mun zama 'yan gata. Murnar ba ta daɗe ba. Notin farko na salansa na sa wa sifana, na ja, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, kan ya murje kamar ƙuli-ƙuli. A Kano ƙura ce abokiyar gabarmu, ka goge ka sa kananzir noti ya biyo ka. A nan gishiri ne, wanda ake watsawa a titi duk lokacin ƙanƙara, ya ci ƙarfe ya haɗe noti da bol su zama abu ɗaya. Sai da Alhaji ya kunna wuta ya gasa su suka yi ja, biyu suka kwance, biyu muka yanke. Awa biyu da rabi a kan salansa kaɗai. Na fara fahimtar dala 950.

Daga nan abin ya ɗan saki. Muka yi wa farfela alama da fenti don ta koma yadda take, muka zare ta. Kik, wayoyi, bututun man giya da ke zuwa gaba wurin sanyaya, igiyar canza giya. Yaron yana riƙe da tocila, yana jera kowane rukunin noti a cikin kofin roba yana rubuta sunansa a jiki, dabarar da ba wanda ya koya mini a shekara shida. Ina ce masa miƙo sifana, ya tsaya yana kallona, sai na nuna. Kafin azahar ya san sifana, ya san guduma, ya san tsatsa. Alhaji yana zaune a kan wata taya yana ba da umarni, lokaci-lokaci ya tashi ya leƙa.

A nan ne na gane iyakar ilimina. Duk motocin da na taɓa saukewa masu kuloci ne. Wannan mai canza giya da kanta ce, a maimakon kuloci tana da wani ƙarfe mai kamar kabewa, cike da mai, nauyinsa kamar buhun siminti rabi, suna ce masa kwambata. Ana kwance notinsa ta wata 'yar taga, a juya inji da hannu, a kwance na gaba, har su ƙare. Shi kuma dole ya bi giyabos, kada ya zauna a jikin inji. Muka tallafi bayan injin, muka cire gadar da giyabos ke zaune a kai, muka kwance manyan bol na kewaye. Na saman biyu sai da na haɗa sanduna uku na tsawo kafin in kai gare su. Wajen ƙarfe biyu giyabos ya rabu da inji, muka sauko da shi a hankali bisa jak. Muka cire faifan da kik ke kamawa. Ga shi nan. Zobe baƙi, jiƙe sharkaf, ƙura ta manne masa.

Muka yi alwala a wani famfo mai ruwan ƙanƙara, muka yi salla a kan kwali. Na aiki yaron ya sayo mana abinci a wani gidan abincin 'yan Ghana. Ya dawo da waakye, Alhaji ya shiga yi masa bayanin cewa sunan nan Hausa ne, wake ne kawai bakin mutanen kudu ya lanƙwasa, shinkafa da wake ce, garau-garau ɗinmu da ta je Kumasi ta yi arziki.

Na ciro tsohon sil ɗin da hankali, don ko ƙwarzane ɗaya ka yi wa ƙarfen ka gama da kanka. Robar ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi, da na lanƙwasa leɓen sai ya tsage. Na goge wurin, na ɓare sabon daga leda, hannuna har rawa yake don na ga ƙarshen aiki. Alhaji ya ce in dakata. Ya taso, ya sa farcen babban yatsansa a kan karanshaf ɗin, ya ja shi a hankali daga ciki zuwa waje. Farcen ya maƙale. Ya kama hannuna ya sa nawa. Wani kwari ne siriri ya zagaye ƙarfen, daidai inda tsohon leɓen ya yi shekara tara yana guga. Roba ta ci ƙarfe, da taimakon ƙura da tsohon mai.

Ya ce in na sa sabon a kan wannan kwari, wata ɗaya ko biyu zai yi ya fara yoyo. Maganinsa wata riga ce ta ƙarfe, siririya kamar takarda, da ake sanya wa ƙarshen karanshaf ta rufe kwarin, leɓen ya samu sabon wuri mai santsi. Muka kira shagunan kayan mota huɗu. Babu, sai gobe da rana.

Nan muka yi musu, kuma ban ji daɗin yadda na yi masa magana ba. Na ce a Kano in mun ga haka sai mu ɗan rage tura sil ɗin, ko mu ɗan ƙara, leɓen ya sauka gefen kwarin. Dabara ce ta gaske, tana aiki a wasu motocin. Ya ce ya sani, shi ma ya yi, amma kwarin nan yana da faɗi, gurbin kuma ba shi da sarari. Na ce gobe Litinin, ranar aiki, ga mai gareji yana son wurinsa, ga biki. Na ce masa shi ba shi da abin da zai rasa. Ya yi shiru. Can ya ce, "Motarka ne. Amma in ya zuba, kar ka kira ni, gwiwana ba zai yi sau biyu ba." Yaron yana tsaye da tocila yana kallon ƙasa.

Na fita waje na tsaya. Jirgi ya wuce a sama, gadar tana girgiza. Na yi lissafi: in na jira, na rasa aikin yini ɗaya da ƙarin kuɗin haya. In na yi gaggawa ya zuba, duk wannan wahala daga farko, a cikin Disamba, lokacin da kuɗin sun riga sun tafi Kano. Na koma na ba Alhaji haƙuri. Muka ɗaure bayan injin da igiyar kaya, muka sauko da motar, muka tura ta lungu muka sa mata duwatsu a taya. Na kira mai garejin, yaron ya yi mana tafinta da ɗan Sifaniyancin makaranta. Ya yi dariya ya ce dala 60, daga ƙarfe shida na yamma.

Litinin na wuni a gida ba aiki, abin da ban yi ba tun haihuwar ƙaramar. Da rana na hau bas na karɓo rigar, dala 38. Na haɗa da wani ɗan bawul na dala 15 da Alhaji ya ce in saya, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. Da muka ciro tsohon mun tarar ya toshe da dauɗa. In ya toshe, iskar ba ta da hanya, sai ta riƙa tura mai ta duk inda ya yi rauni. Wato da na sa sabon sil na bar wannan, na gyara ƙofa ne na bar ɓarawon a ɗaki.

Da yamma Alhaji da kansa ya sa rigar, yana bugawa kaɗan-kaɗan da ƙoƙon da ta zo da shi, har ta zauna daidai. Ni na sa sil ɗin. Na karanta takardarsa tukuna, don akwai irin da ake shafa wa leɓen mai, akwai irin da ake sawa a bushe, in ka juya su ka ɓata. Nawa na shafawa ne. Na tura shi a miƙe, ina zagayawa, ba gefen da ya riga wani shiga. Minti ashirin, kamar yadda na ce. Muka mayar da faifan, muka ɗaure bol ɗinsa ɗaya nan ɗaya can da sifana mai awo.

Wajen ƙarfe tara muka ɗaga giyabos. Ya zo ya tsaya, saura kamar kaurin yatsa ya haɗe da inji. Na girgiza, na tura, ya ƙi. Na gaji, bayana yana ciwo, Alhaji ya fita yin waya. Na ɗauki dogon bol na ce bari in sa biyu in ja shi da su, haka muke yi wa mai kuloci in ya yi gardama. Sai na ji yaron ya ce, "Baba, kar ka ɗaure."

Na ce me ka ce?

Ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, "Wannan babban abu, ba ta shiga duka ba. Jiya da muka sauke ta zo gaba. Mutumin ya ce sai ka juya ka tura, ta yi ƙara, ta ƙara yi, har ta shiga ciki sosai. In ka ɗaure haka, famfo zai fashe."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara shida a gindin darbejiya, yau ɗan da na haifa yake karanta mini abin da wani Bature ya faɗa a waya. A garejinmu da yaro ya yi wa maigida haka da ya kwana da kumburin kunne. Na buɗe baki, sai ga Alhaji ya shigo. Ya leƙa, ya sa yatsa a tsakanin, ya ce a ja da baya. Muka ja. Ya kama kwambatan yana juyawa yana turawa, sai muka ji ƙwas, ya shige. Ya ƙara juyawa, ƙwas, ya ƙara shigewa. Ashe haƙoransa ba su hau kan famfon man giya ba. Da na ja da bol, da na murƙushe famfon, kuma wannan ba gyaran dala 950 ba ne, giyabos ne sukutum. Alhaji ya dubi yaron ya ce, "Wane ne ubanka a aikin nan?" Yaron bai gane ba, ya nuna ni.

Muka ɗaga, ya haɗe lif ba gardama. Sha biyu da rabi na dare na tayar da ita. Uwarsa ta kira sau huɗu, gobe akwai makaranta.

Tsohon man na zuba a galan na kai shagon kayan mota washegari. Dokar jihar New York ta wajabta wa manyan masu sayar da mai su karɓi tsohon kyauta, har galan biyar a rana daga mutum ɗaya. Ina miƙa shi na tuna yadda muke tara shi a durom a Kano, masu gini su zo su saya su shafa wa katakon rufi saboda gara, sauran kuma ƙasa ta sha. Ƙasar garejinmu har yau na tabbata ba abin da zai tsiro a kanta.

Duka-duka na kashe dala 357, ban da abinci da yinin da na rasa. Alhaji ya ƙi karɓar ko sisi. Da na matsa ya ce in saya masa goro fari in na samu mai kyau.

Daren farko na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da safe na tarar da ɗigo biyu. Wallahi sai da ƙafafuna suka yi sanyi. Na kira Alhaji tun bai gama lazimi ba, ya ce tsohon man da ya taru a lungunan ƙasa ne yake tsiyaya, in wanke in sake sa wani kwalin. Na wanke. Dare na biyu ɗigo ɗaya, ƙarami. Na uku babu. Na bar kwalin har kwana bakwai, kullum yaron ne yake riga ni sauka ya jawo shi ya duba. Mako na gaba na kai ta Woodside ta wuce.

Ranar Alhamis na tura kuɗin. Sun ragu, na cike da abin da na samu a kwanakin, suka koma 1,250. Da daddare saƙon murya ya shigo daga autar, tana ta godiya da addu'a, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya raya su. Ta ce an kai wa kafinta, mai ruwan ƙasar za a yi. Sai ta ɗan yi shiru, ina jin muryar Hajiya a bayanta tana cewa ki bari mana. Ta ce, "Yaya, dama saura kafet da labule."